Nettie Stevens

Nettie Maria Stevens (7 ga Yuli 1861 – 4 ga Mayu 1912) masaniyar ilimin halittu ce 'yar ƙasar Amurka. An fi saninta da gano cewa kuromosom ne ke tantance ko abin da za a haifa namiji ne ko mace.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a garin Cavendish da ke jihar Vermont. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun tana ƙarama. Ta yi karatu a Westford da kuma makarantar horar da malamai ta Westfield, sannan ta daɗe tana koyarwa da aikin laburare tana tara kuɗin makaranta. Sai a 1896, tana da shekara 35, ta shiga Jami'ar Stanford, inda ta samu digiri na farko a 1899 da na biyu a 1900.

Bincike kan falanariya

Daga nan ta koma Kwalejin Bryn Mawr don digirin digirgir, ta yi aiki da Thomas Hunt Morgan. A lokacin Morgan ya duƙufa kan falanariya, wata 'yar tsutsa mai faɗi da ke zaune a ruwa. Idan aka yanka ta gunduwa-gunduwa ba ta mutuwa: guntun da ya rasa kai sai ya tsiro da kai, wanda ya rasa jela ya tsiro da jela. Stevens ta riƙa yanka tsutsar tana duba naman a madubin ƙara girma, don ta ga daga ina sababbin ƙwayoyin halitta suke fitowa. Ta buga sakamakon aikinta kan Planaria lugubris a 1901. A yau an san cewa wasu ƙwayoyi da ake kira niyobilas ne ke wannan aiki. Ta kuma je Naples a Italiya da Würzburg a Jamus, wajen Theodor Boveri, kafin ta kammala digirin a 1903.

Gano kuromosom na jinsi

A 1905 ta binciki ƙwaron hatsi Tenebrio molitor. Ta ga macen tana da manyan kuromosom 20, namijin kuwa manya 19 da ƙarami ɗaya. Maniyyin da ke ɗauke da ƙaramin shi ke samar da namiji. Shi ne daga baya aka kira Y. Edmund Wilson ya kai ga irin wannan sakamako a shekarar, kuma an daɗe ana fifita sunansa a kan nata, duk da cewa hujjarta ta fi fitowa fili.

Rasuwa

Bryn Mawr ta ƙirƙiro mata kujerar farfesan bincike, amma ciwon daji na nono ya hana ta kama aikin. Ta rasu a Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore tana da shekara 50, aka binne ta a Westford, jihar Massachusetts.