Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864)

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin yaƙi da ƙaura. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ɗansu Abdulƙadir kuma ya gaji wannan sarauta.

Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta "Tabbat Haƙiƙa" Hausa daga Fulatanci. Sai dai inda ya kamata ɗalibi ya fi tsayawa shi ne marsiyyoyinta. Ta yi tsawon rai har ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, da ta yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, da ta mijinta, ta kuma yi wa 'yan'uwa da aminai da dama waƙar makoki. A cikinsu ba ta cika ɗaukar salon kirarin maroƙan fada ba. Abin da take yabo shi ne haƙuri, da kyauta, da sada zumunci, da karɓar baƙo. Ko Bello ma, wanda ya jagoranci yaƙe-yaƙe, halayensa ta fi bayyanawa. Ta yi wa mata irin wannan marsiyya, abin da ba a saba gani ba a rubutun wancan zamani.

A ganina, wannan ba kukan rashi ba ne kawai. Gidan Shehu ne ke riƙe da mulki, don haka duk siffar da ta ba mamatansa ta zama ma'aunin da jama'a za su auna masu rai da shi.

Ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis, wato shugabannin mata, su kai waƙoƙinta ƙauyuka su koyar da matan aure. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka.