Malam Muhammadu Alkatsinawi, Masanin Hisabi

Mu da ake shirya mu don karantar da yara, in aka kai waninmu Batsari ko Safana, ba zai rasa jin wani dattijo ya ce lissafi abin Turawa ne ba. To, ga labarin wani Bakatsine wanda ya rasu shekara 181 kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne. Larabawa kuwa suna ce masa Alkishnawi, watau mutumin Katsina. Ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi da Muhammadu Bindu. Wajen shekarar 1730 ya sauke farali, daga nan ya zauna Alƙahira.

A 1732 ya gama wani littafi, Bahjatul Afaƙ, a kan hatimi. Mu mun saba ganin hatimi a allo ko cikin laya, amma ƙashin bayansa hisabi ne tsantsa. Ɗauki mai gida tara. Za a zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ta zama ɗaya. Duka lambobin 45 ne, sulusinsu 15, shi ne rabon kowane layi. Gidan tsakiya kuwa tilas 5 ne, matsakaicin lambobin nan tara. In gida 25 ne, jimla 325, kowane layi 65, a kan sa 13 a tsakiya. Mai gida tara yaro ma ya iya lalubo shi. Mai 25 ko 49 kuwa lalube ba ya fid da shi, sai da ƙa'ida, ita ce Malam ya shimfiɗa domin hatimin da layukansa ba su rabuwa biyu daidai.

Ba mu ɓoye ba, a ɗaya littafin nasa, Addurrul Manzum, akwai zancen taurari da asirai wanda ba za mu kai aji ba. Amma hisabin da ke cikin aikinsa, wanda duk ya gwada da alli zai tarar daidai yake.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasanul Jabarti, mahaifin Abdurrahman marubucin tarihin Masar. Nan ajali ya same shi a 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. A can aka binne shi.