Tomas Bata: Ɗan Mai Gyaran Takalmi Da Ya Raya Garinsu

'Yan uwa mazauna Kano sun san unguwar Bata da ke daf da kasuwar Sabon Gari, kuma da yawa daga cikinmu da sandal ɗin Bata muka shiga makaranta. Amma kaɗan ne suka san cewa sunan wani baduku ne.

An haifi Tomas Bata a shekarar 1876 a Zilin, wanda a lokacin ɗan ƙaramin gari ne, a yankin da ke Jamhuriyar Cek ta yanzu. Dukanci gadon gidansu ne kaka da kakanni, kamar yadda muka san gidajen dukawa a ƙasar Haɗejiya, inda yaro kan iya riƙe basilla tun bai iya karatu ba. A 1894, yana da shekara 18, shi da wansa Antonin da yayarsa Anna suka buɗe tasu rumfar da ɗan abin da mahaifiyarsu ta bari. Shekara guda bashi ya kusa durƙusar da su. Da fata ta gagare shi saya, sai ya koma ɗinka takalmin kambas mai araha, talakawa kuwa suka yi rububinsa.

A 1904 ya tafi Amurka ya yi ƙwadago a masana'antun takalma don ya ga aikin injina. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, da ya samu abin da ya je nema, gida ya komo. A Zilin ya kafa masana'antarsa, ya gina wa ma'aikata gidajen jan bulo, da makarantar koyon sana'a a 1925, da asibiti a 1927. Tun 1923 mutanen garin suka zaɓe shi magajin gari.

Ba a rasa abin suka ba. A 1922, da kasuwa ta faɗi, ya rage kuɗin takalmansa da rabi, ya kuma zaftare albashin ma'aikata. Arahar kayansa ta kashe sana'ar ƙananan dukawa masu yawa, irin mahaifinsa, har wasu suka koma ma'aikatansa.

Ranar 12 ga Yuli, 1932, jirgin samansa ya faɗi cikin hazo jim kaɗan da tashi, ya mutu yana da shekara 56. Ƙanensa da suke uba ɗaya, Jan Antonin, ya ci gaba da riƙon kamfanin.