Tarihin B. F. Skinner, Mai Binciken Dalilin Ɗabi'a

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Amurka, wato Burrhus Frederic Skinner.

An haife shi ranar 20 ga Maris, 1904, a garin Susquehanna da ke jihar Pennsylvania. Tun yana yaro yake son ƙere-ƙere. Ya karanta adabin Turanci a Kwalejin Hamilton da burin zama marubuci, amma abin bai yiwu ba. Sai ya koma Jami'ar Harvard, inda ya samu digirin digirgir a 1931.

A can ya ƙera wani akwati mai ɗan ƙarfe a ciki, ya saka ɓera. Duk lokacin da ɓeran ya danna ƙarfen, sai abinci ya faɗo. Ba a jima ba ya riƙa dannawa akai-akai. Da aka daina sako abincin, sannu a hankali ya bari. Daga nan Skinner ya gane cewa ɗabi'ar da ke jawo riba ita ake maimaitawa. Ya bayyana haka a littafinsa na 1938. Ya kuma nuna cewa horo yakan danne ɗabi'a na ɗan lokaci ne, ba ya koya wa mutum abin da ya kamata ya yi.

A 1953 ya ziyarci ajin lissafi na 'yarsa. Ya ga yara suna jira da daɗewa kafin su san ko amsarsu daidai ce. Wannan ya sa ya ƙera na'urar koyarwa mai nuna sakamako nan take. Ya rasu ranar 18 ga Agusta, 1990, yana da shekara 86, bayan fama da kansar jini.

Masanan da suka biyo bayansa sun ɗora a kan aikinsa. Kafin su gyara ɗabi'ar yaro, sukan lura da abu uku: abin da ya faru kafin, abin da yaron ya yi, da abin da ya biyo baya. Sau da yawa yaron yana neman a kula shi ne, ko ya guje wa aiki mai wuya, ko ya samu wani abu, ko kuma abin yana masa daɗi.

Misali, ɗalibi mai surutu a darasin lissafi, kullum sai an kore shi waje. Idan lissafin ne ke ba shi wuya, korar ta zame masa lada, gobe ma zai sake. Gara a koya masa ɗaga hannu ya nemi taimako.

Muna roƙon malamanmu da monitoci, kafin a ɗauki bulala a fara tambayar abin da yaron yake nema. Mu ma ɗalibai mu daina yi wa mai tayar da aji dariya, domin dariyarmu ce take ƙara masa ƙarfi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.