James Parkinson: Likitan unguwa da cutar rawar jiki ta ɗauki sunansa

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan hannun dattijo ya fara rawa har ya kasa riƙe ludayin fura, akan ce tsufa ne, wasu kuma su ce sammu. Fiye da shekara 200 da suka wuce, wani likitan unguwa a Landan ya nuna cewa irin wannan rawa kan zama alamar cuta mai zaman kanta.

An haifi James Parkinson ranar 11 ga Afrilu, 1755 a unguwar Hoxton da ke Landan. Mahaifinsa likita ne mai haɗa magani, a hannunsa ya fara koyon aikin, ya kuma gaje shi a 1784.

Bai tsaya ga duba marasa lafiya kaɗai ba. Ya riƙa rubuta ƙasidu da sunan ɓoye na Old Hubert, yana neman a ba talakawa damar zaɓe. A 1794 aka gurfanar da shi gaban firaminista William Pitt da majalisar sarki, aka yi masa tambayoyi kan zargin wata maƙarƙashiyar kashe Sarki George na Uku da kibiya mai dafi. Ba a tuhume shi da komai ba.

Daga baya ya karkata ga nazarin ragowar halittun da suka daskare cikin duwatsu, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masanan duwatsu ta Landan a 1807.

A 1817 ya wallafa ɗan littafinsa, An Essay on the Shaking Palsy, kan mutum shida kacal. Uku daga cikinsu a titi ya gan su. Ya bayyana yadda hannu ke rawa ko da mutum na hutawa, yadda jiki ke ranƙwafawa gaba, da yadda taku ke gajarta har tafiya ta koma sassarfa ba da son mai ita ba.

Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824, littafin bai yi wani tashe ba. Sai bayan kusan shekara 50 likitan jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya laƙaba wa cutar sunansa. Har yau babu wani zanen fuskarsa da aka tabbatar.

Bayansa ne aka gano cewa cutar na tasowa daga mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine. Maganin levodopa ya bazu a ƙarshen shekarun 1960. A 1987 kuma, a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka fara dasa siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwa don kwantar da rawar jiki. Ana haɗa wayar da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, yana aika lantarki ba ƙaƙƙautawa.

Aikin na rage rawa da sandarewa ga waɗanda magani ya daina riƙe su yadda ya kamata, amma ba ya warkarwa. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa ga yawancin iyalai babban abu shi ne kai dattijo asibiti da wuri a gane cutar, a fara magani.

Parkinson ya yi fatan wata rana a samu abin da zai tsayar da cutar. Har yanzu ana nema. Ranar haihuwarsa ce ake tunawa da masu fama da ita a duniya kowace shekara.