Rong Guotuan: Zakaran da ƙasar Sin ta ɗaukaka cikin wata 17, ta kuma kayar cikin shekara tara

A ranar 5 ga Afrilun 1959, a birnin Dortmund na Jamus ta Yamma, wani siririn saurayi ɗan shekara 21 ya doke Ferenc Sidó na Hangari a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon tebur ta duniya. Sunansa Rong Guotuan, kuma shi ne mutum na farko da ya ci wa Jamhuriyar Jama'ar Sin kambun duniya a kowane irin wasa tun kafuwarta a 1949. Shekara tara bayan nan aka tsinci gawarsa a Beijing, yana ɗauke da zargin leƙen asiri a kan ƙasar da ya fitar kunya.

Tarihinsa ya nuna saurin da horo mai tsanani ke iya ɗaga mutum idan gwamnati ta tsaya masa, ya kuma nuna abin da ke biyo baya idan darajar mutum ta rataya kacokan a kan buƙatar masu mulki.

Yaron kasuwar kifi

An haife shi a Hong Kong ranar 10 ga Agustan 1937, lokacin da yankin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne, asalinsu daga garin Nanping na lardin Guangdong, wanda a yau yake cikin birnin Zhuhai. Yana ɗan shekara huɗu sojojin Japan suka mamaye Hong Kong, ba su fita ba sai 1945. Talauci ya raba shi da makaranta tun yana ɗan yaro, ya shiga aikin ƙarfi a wurin masu sayar da kifi. Wahalar wannan aiki ta bar masa ciwon huhu da ramar da bai rabu da ita ba har ya girma.

Mahaifinsa ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, kuma a wancan zamani ƙungiyoyin ma'aikatan Hong Kong da dama suna da ra'ayin gurguzu, zuciyarsu tana Beijing. A ɗakin shaƙatawa na irin waɗannan ƙungiyoyi ne yaron ya sami teburin da zai yi wasa a kai ba tare da biyan kuɗi ba. Ba shi da wani fitaccen mai horarwa. Da kallo da maimaici ya koya. Yana riƙe faifan bugu kamar yadda ake riƙe alƙalami, irin riƙon mutanen gabashin Asiya, yana tsayawa dab da tebur, ya kuma ƙware wajen sauya yadda ƙwallo ke juyawa tun daga bugun farko, ta yadda abokin karawa zai kasa gane inda ta nufa.

A 1957 ya lashe gasar Hong Kong. A shekarar dai 'yan wasan Japan suka kai ziyara, ya kara da Ichiro Ogimura, wanda ya ci kambun duniya a 1954 da 1956, ya kuma doke shi. Wannan nasara ta sa aka san da shi a Beijing.

Dalilin da ya sa Beijing ke neman zakara

A shekarun 1950 ƙofofin duniya da yawa a rufe suke ga sabuwar gwamnatin Kwaminis. Gwamnatin Taiwan ce ke zaune a kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1958 Beijing ta fice daga harkar Olamfik saboda wannan taƙaddama. Ƙwallon tebur ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage. Shugaban hukumar wasan ta duniya, Ivor Montagu, ɗan gidan masu kuɗi ne na Ingila amma riƙaƙƙen ɗan Kwaminis, kuma a zamaninsa ne 'yan wasan Sin suka fara halartar gasar duniya a 1953. Ga shi wasa ne mai araha: tebur, raga, faifai biyu da 'yar ƙwallo, sai a kafa shi a makaranta ko masana'anta.

Hukumar wasanni ta ƙasa tana hannun He Long, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin da suka yi yaƙin juyin juya hali. Tun farkon shekarun 1950 aka jawo ƙwararru biyu daga Hong Kong, wato Fu Qifang da Jiang Yongning, domin a gina wasan a kansu. Rong ya bi sahunsu a ƙarshen 1957, ya tsallaka zuwa Guangzhou. Kira ne gwamnati ta yi wa 'yan ƙasa da ke waje su dawo su gina ƙasa, shi kuwa ya amsa.

Abin da ya tarar ya sha bamban da rayuwarsa ta baya. An ba shi albashi, da abinci mai gina jiki, da likita, da lokacin da babu abin da zai yi sai atisaye. An haɗa masa da gudu da motsa jiki domin ƙarfafa ƙirjin da ciwo ya raunana. A 1958 ya tsaya a bainar jama'a ya ɗauki alkawarin cin kambun duniya cikin shekara uku, abin da mutane da dama suka ɗauka cika baki ne. A shekarar ya lashe gasar ƙasa, ya shiga tawagar Sin inda Fu Qifang ke horarwa.

Bai kai shekara ukun ba. Kimanin wata 17 ke tsakanin shigarsa Guangzhou da wasan Dortmund. A hanyarsa ta zuwa wasan ƙarshe ya fitar da Zoltán Berczik, zakaran Turai, sannan ya sha da ƙyar a hannun Dick Miles na Amurka a wasan kusa da na ƙarshe, wanda sai da aka buga zagaye biyar. Sidó, wanda ya ci kambun a 1953, shi ya ɗauki zagayen farko, Rong ya kwashe uku a jere. Da ya koma gida shugabannin ƙasa suka tarbe shi. Da yake nasarar ta zo a shekarar da Jamhuriyar ke cika shekara goma, aka raɗa wa kayan ƙwallon tebur da aka soma ƙerawa a Shanghai suna Double Happiness, ma'ana farin ciki biyu. Har yau ana sayar da su da wannan suna.

Kofi a tsakiyar yunwa

An ba Beijing ɗaukar nauyin gasar duniya ta 1961. Wannan ya faɗo a daidai lokacin da shirin Mao Zedong na gaggauta bunƙasa masana'antu da noman gandun gwamnati ya jefa ƙasar cikin yunwar da ta kashe gwamman miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961. Duk da haka aka gina sabon zauren wasa mai ɗaukar mutum 15,000, aka kuma tara 'yan wasa 108 daga sassan ƙasar a sansani guda. Wasu daga cikinsu ba a tara su don su fito fili ba. Aikinsu shi ne su kwaikwayi salon manyan 'yan wasan Japan, musamman sabon bugun nan mai sa ƙwallo ta yi juyi mai ƙarfi zuwa gaba, domin waɗanda za su fafata su saba da shi kafin ranar. Baƙin da suka zo gasar sun ga tsari da wadata a zaure, ƙauyukan da ake mutuwa kuwa ba a kai su can ba.

Japan ta riƙe kofin maza na ƙungiya sau biyar a jere tun daga 1954, kuma ita Sin ta tarar a wasan ƙarshe. Rong ya sha kashi a karawarsa biyu na farko. Da aka zo karawa ta takwas, Sin na da huɗu Japan na da uku, sai nauyin ya sake faɗowa kansa. Ya doke Nobuya Hoshino, Sin ta ɗauki kofin a karon farko da ci 5 da 3. Maganar da ya yi a wannan rana, cewa damar fafatawa irin wannan ba ta zuwa wa mutum sau da yawa a rayuwa, ta zama take a bakin matasan ƙasar. A gasar ce kuma Zhuang Zedong ya ci kambun maza, Qiu Zhonghui ta ci na mata.

Wata huɗu da tawagar mata

A ƙarshen 1964 aka damƙa masa horar da tawagar mata, wadda ta kasa kai wa ga kofin ƙungiya yayin da matan Japan suka ɗauke shi sau huɗu a jere. Kimanin wata huɗu ya rage kafin gasar Ljubljana ta ƙasar Yugoslabiya. Siyasa ba ta bar wannan sansani ba: jawabin da ɗan wasa Xu Yinsheng ya yi wa matan kan yadda ake buga wasan ya kai hannun Mao, wanda ya yaba da shi a farkon 1965 ya sa aka rarraba wa jami'an jam'iyya.

Dabarar da Rong ya yi amfani da ita ta nazarin abokin gaba ce. Matan Japan sun saba da 'yan Sin masu kai hari daga bakin tebur. Sai ya fito musu a wasan ƙarshe da Lin Huiqing da Zheng Minzhi, masu ja da baya suna sare ƙwallo ta ƙasa, su mayar da ita da juyin da ke sa mai kai hari ya riƙa cusa ta a raga. Sin ta ci 3 da nema a Afrilun 1965. Cikin shekara shida, kambun farko na ɗaiɗaiku, da kofin farko na maza, da kofin farko na mata duk sun bi ta hannun mutum ɗaya.

Lokacin da asali ya zama laifi

A 1966 Mao ya ƙaddamar da Juyin Juya Halin Al'adu. Matasan Jajayen Dakaru suka bazama neman maƙiyan juyin juya hali a makarantu da ma'aikatu. Neman kofi da lambar yabo ya koma alamar son kai irin na 'yan jari-hujja. Aka tuɓe He Long, ya mutu a tsare a 1969. Atisaye ya tsaya, Sin ba ta je gasar duniya ta 1967 ba, ba ta kuma je ta 1969 ba. A Mayun 1968 aka miƙa harkar wasanni ga ikon soja, ana tsakiyar kamfen ɗin tsarkake sahun jama'a daga waɗanda ake kira baragurbi.

A irin wannan yanayi, duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin Turawa, ko yake da dangi a waje, ko ya yawaita tafiya ƙetare, abin tuhuma ne. Mutum ukun da suka zo daga Hong Kong sun cika waɗannan sharuɗɗa duka. Tafiye-tafiyen da gwamnati ta tura su da kanta, da dawowar da ta roƙe su su yi, su ne suka zama hujjar zargin leƙen asiri. Fu Qifang, bayan duka da tozarci a tarukan tuhuma, ya kashe kansa a Afrilun 1968. Jiang Yongning ya bi shi a watan Mayu. Ranar 20 ga Yuni aka tsinci gawar Rong kusa da tafkin Longtan a Beijing, shi ma ya ɗauki ransa da hannunsa. Yana da shekara 30, ya bar mata da 'yar ƙaramar yarinya. A takardar da aka samu a jikinsa ya musanta zargin leƙen asiri, ya kuma bayyana cewa mutuncinsa ya fi masa ransa.

Abin da ya biyo baya

Ba a cika shekara uku da mutuwarsa ba masu mulki suka sake buƙatar wasan. A 1971 Sin ta koma gasar duniya a Nagoya ta Japan, inda haɗuwar Zhuang Zedong da Ba'amurke Glenn Cowan a cikin motar 'yan wasa ta buɗe hanyar gayyatar tawagar Amurka zuwa Beijing a watan Afrilu. A Fabrairun 1972 Shugaba Richard Nixon ya sauka a Sin. Wasan da aka la'anci masu buga shi ya zama makamin diflomasiyya, alhali uku daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa suna kabari.

A 1978, shekara biyu bayan mutuwar Mao, hukuma ta wanke Rong da abokansa biyu daga zargi. A yau akwai mutum-mutuminsa a Zhuhai, kuma a 2009 an sa sunansa cikin mutum 100 da suka fi taɓa zukatan jama'a tun kafuwar Jamhuriyar. Tsarin da aka gwada a kansa, na zaƙulo mai baiwa da wuri, a killace shi a sansani, a zuba masa horo da kuɗin gwamnati, shi ne ya sa Sin ta kwashe mafi yawan zinaren ƙwallon tebur tun da wasan ya shiga Olamfik a 1988.

Wannan tsari ya cika alkawarinsa na samar da zakaru cikin gaggawa. Abin da bai tanada ba shi ne kotu mai zaman kanta, ko jarida, ko ƙungiyar 'yan wasa da mutum zai kai kuka a ranar da iska ta juya. Hukuma ɗaya ce ta ciyar da Rong, ta horar da shi, ta ɗaga shi, kuma da aka tuhume shi babu wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa sai tata. Wanke shi ya zo daga wannan hukuma, shekara goma bayan mutuwarsa.