Georg Simon Ohm (1789–1854): Ɗan Maƙerin da Ya Auna Turjiyar Lantarki

Duk ɗalibin da ya fara koyon aikin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu da ke Kazaure, tun a darussan farko zai ci karo da dokar Ohm. Layi ɗaya ce a kan allo. Mutumin da ya fito da ita kuwa, wani malamin sakandare ne Bajamushe, wanda sai da ya yi shekara 14 yana jira kafin manyan masana su karrama aikin nasa.

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen na ƙasar Jamus ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa, Johann Wolfgang, maƙerin makullai ne da bai yi karatu mai zurfi a makaranta ba, amma ya koya wa kansa lissafi har ya karantar da ’ya’yansa. Ƙanen Georg, wato Martin, daga baya ya zama farfesan lissafi a Balin. Georg ya shiga Jami’ar Erlangen a 1805, sai dai rawa da wasanni suka ɗauke masa hankali, uban ya fusata ya tura shi Suwizalan koyarwa. Ya dawo ya sami digirin dakta a 1811, ya sha fama da talauci a wata makaranta a Bambag, sannan a 1817 ya sami aiki a sakandaren garin Kolon, inda ya tarar da ɗakin gwaji mai kayan aiki.

Matsalar da ya tunkara ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin Hausa. Bahaushe yakan ce wuta ta yi ƙarfi ko ta yi rauni, kalma ɗaya tana ɗauke da abubuwa da dama. Masanan Turai na wancan zamani ma haka suke cakuɗa su. Ohm ya rarrabe uku: ƙarfin turi, wanda a yau ake aunawa da bolt, yawan kwarara, da ake aunawa da amfiya, da kuma turjiyar da wayar ke yi wa kwararar. Mai noman rani zai gane bambancin nan take, domin ya san turin injin ban-ruwa daban, yawan ruwan da ke fita daban, tsawon tiyo da ƙuncinsa kuma su ke rage ruwan.

Sakamakon da ya fara bugawa a 1825 kuskure ne, saboda ƙarfin batiran lokacin yakan ragu ana cikin gwaji. Johann Poggendorff, editan wata mujallar kimiyya, ya ba shi shawarar ya bar batir ya yi amfani da abin da Thomas Seebeck ya gano, cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta aka ɗumama mahaɗa ɗaya, lantarki na gudana. Ohm ya haɗa jan ƙarfe da bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami turin da ba ya canzawa. Ya riƙa sauya wayoyin jan ƙarfe guda takwas masu tsawo daban-daban, yana lura da yadda allurar maganaɗisu ke karkata. A nan gadon maƙera ya yi masa rana, domin da hannunsa yake sarrafa kayan gwajinsa. A 1827 ya wallafa littafinsa a Balin, yana bin hanyar da Fourier na Faransa ya bi wajen lissafa tafiyar zafi a jikin ƙarfe.

Abin da ya tabbatar shi ne, idan aka raba turi da kwarara za a sami turjiya. Dutsen guga mai jan amfiya 5 a kan bolt 230 yana da turjiya 46. Idan kuma aka ninka turi da kwarara, sai a sami ƙarfin aiki, wato wat 1,150. Wannan ɓangare na biyu ba na Ohm ba ne. James Joule na Ingila ne ya auna dangantakar zafi da kwarara wajen 1841, amma a kan tubalin Ohm lissafin ya fi zama daram. Da turin zai faɗi zuwa bolt 115, kwararar ma za ta koma rabi, ƙarfin aikin kuwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa mai guga ke ganin ƙwan fitila na ci amma dutsen ya ƙi zafi.

Littafin bai sami karɓuwa ba. Masanan Jamus da yawa a lokacin ba su saba ganin an yi wa lantarki bayani da lissafi ba, wasu mabiya falsafar Hegel kuma suka soke shi da kakkausan harshe. Sai dai laifin ba nasu ba ne kaɗai, domin salon rubutun Ohm mai nauyi ne, shi kuma mutum ne mai ja da baya daga jama’a. Ya ajiye aikin Kolon da tsammanin samun kujera a jami’a, bai samu ba, ya zauna a Balin yana ’yan koyarwa na wucin gadi har 1833, lokacin da kwalejin fasaha ta Nurembag ta ɗauke shi.

Yabon daga waje ya fara zuwa. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar Copley. An kira shi Munik a 1849, amma kujerar farfesan fiziya da ya yi ta nema tsawon rayuwarsa ba ta zo hannunsa ba sai a 1852, saura shekara biyu ya mutu. Ya mutu ranar 6 ga Yuli, 1854, bai taɓa aure ba.

Bayan shekara 25, Maxwell ya buga takardun Henry Cavendish, aka ga ashe wannan Baturen Ingila ya kusa kaiwa ga dokar tun 1781, ta hanyar barin lantarki ya ja shi a jiki yana kwatanta zafin jan, amma ya ɓoye abinsa. A 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a birnin Faris ya amince da sunan Ohm a matsayin ma’aunin turjiya, tare da bolt da amfiya.